Wa ya tuna wasan baƙin muzurun nan mai jaka?

Mutari Garin Malam:
Salamu alaikum ƴan uwa. Kwana uku ke nan wani kiɗa yana mini yawo a ka, na rasa yadda zan yi da shi. Shekaranjiya ina kan babur wajen Kasuwar Dole wani yaro ya gifta yana fito. Ban ma san abin da yake busawa ba, kawai sai kunnena ya juya shi ya koma kiɗan wani wasan tele da muke yi muna yara, wajen 1998 ko 1999. Tun daga nan ban huta ba, har a sallah sai na yi da gaske.

Injin irin mai kaset ɗin nan ne, manet biyu, wato abin riƙewa mai maɓallai, da bindigar harbin agwagi, kawunmu ya kawo mana shi daga Kano. A cikin wasan kai baƙin muzuru ne mai manyan fararen idanu, da ƙafa biyu yake tafiya kamar mutum. Yana da wata jaka, daga cikinta safar dambe take fitowa ta naushi abu. Kana tafe kana tsintar kawuna irin nasa da ke rataye a iska, in ka tara da dama sai zuciya ta fito, ka kama ta ka rikiɗa. Da fari doguwar hula, taurari na tashi daga jikinka ta ko'ina, sai mota mai taya ɗaya, sai tanka. Akwai kwalaben nono da ake sha don kada ƙarfin ya ƙare. Akwai kuma wurin da ake nuna shi riƙe da kan tarho yana magana da wani tsoho mai farin gashin baki.

Mu dai Muzuru muke ce masa. Jikin kaset ɗin ba zai taimaka ba, hoton wani ƙaton soja ne da bindiga aka liƙa, babu abin da ya haɗa shi da abin da ke ciki. Na rubuta wa Google iya Faransancin da na iya, hotunan maguna kawai yake jero mini. Don Allah wanda ya san sunansa na gaskiya ya fitar da ni.

Lawali Zango:
Wa alaikumus salam. Tom da Jerry ne, ka tsufa ne kawai.

Mutari Garin Malam:
A Tom da Jerry ai ɓeran kake riƙewa, magen ce take farautarka. Kuma kai Lawali ka yi shiru a maganar nan, ka san akwai tsohon lissafi tsakanina da kai a kan kaset ɗin.

Lawali Zango:
To fa. An fara.

Sanusi na Agadas:
Ina jin Rockin' Kats kake nufi, na kamfanin Atlus, 1991. Shi ma mage ne, shi ma da safar dambe yake faɗa, shi ma budurwarsa aka sace. Safar daga bakin wata bindiga take fitowa, kana iya maƙala ta jikin abu ka yi lilo ka tsallake rami.

Mutari Garin Malam:
Ka kusa Sanusi, amma ba shi ba ne. Namu ba ya lilo, kuma baƙi ne wuluk. In an shiga ruwa yana hawa bayan wani babban kifi, a ƙarƙashin ruwa kuma kunkuru. A sama akwai lema, da balan-balan mai kwando, da ƙaramin jirgi.

Bashir Bakano:
Ikon Allah. Damagarawa an taru gari guda ana cigiyar kyanwa. Ku zo Kano ku tambaya da ladabi, tunda dama daga wurinmu kuka saye ta. Ko sarkinku Kuran Daga da ya zo da dawakai da bindigogi bai ci birnin Kano ba, ku kuma kun zo kun kwashi kaset ɗin bogi kuna murna.

Abdu Ƙarami:
Bashir aƙalla ka amsa da bakinka cewa jabu kuka sayar mana. A rubuta.

Ibro (Yamai):
Mutari kwantar da hankalinka. Felix the Cat ne. Tun da ka ambaci mota mai taya ɗaya da kwalaben nono na gane, na tsaya ne in ga iya inda Lawali zai kai da shirme. Kamfanin Hudson Soft na Japan ya fitar da shi a 1992 don injin Nintendo, shekara ɗaya bayan haka suka fitar da na Game Boy. Su ne dai suka yi Adventure Island, wancan na ɗan ƙiban nan mai jifa da gatari yana cin ayaba, masu tambarin ƙudan zuma. Tsohon da ke kan tarho shi ne Farfesa, ya sace Kitty budurwar Felix, ya ce sai an ba shi jakar tsafin zai sake ta. Babban kifin da ka ce dolfin ne. Bayan kunkuru akwai jirgin ƙarƙashin ruwa, in ka taɓa kai wa nan.

Abin da zai ba ku dariya, shi wannan muzurun ya girmi kakannin wasunmu. A 1919 aka fara nuna shi a majigi a Amurka, lokacin fim ba ya ko magana. Wato ranar da aka fara zana shi Damagaram ce babban birnin ƙasar nan tamu Nijar, ba a mayar da shi Yamai ba sai 1926. Jakar da Farfesan kuma daga baya aka ƙirƙiro su, a zanen tele na ƙarshen shekarun 1950.

Mutari Garin Malam:
Allahu Akbar. Ibro Allah ya biya ka, Allah ya jiƙan mahaifa. Na rubuta sunan yanzu, ga shi nan, shi ne. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi da kiɗan ya fara. Matata ta leƙo tana tambaya ko rasuwa aka yi.

Amma abu ɗaya ya ɗaure mini kai, ashe wasan yana da launi. Telenmu mai baƙi da fari ce, ƙarama, wadda ko da batirin mota tana kamawa. Ni duk ƙuruciyata a toka-toka na san duniyar nan. Yanzu da na ga shuɗin sama da koren ƙasa sai na ji kamar an shiga ɗakina an yi fenti ban sani ba.

Abdu Ƙarami:
Ku masu inji a gida ai ƴan gata ne. Mu a zauren wani mutum a Zango muka san Muzuru. Tele biyu, benci ɗaya, tabarma ga ƴan kallo. Dala biyar, wato sefa 25, minti goma. Yana da agogon tebur mai ƙararrawa, irin na tashin sahur, shi yake murɗawa ya ajiye bisa tele. Da ta kaɗa ba ruwansa da ko kana tsakiyar tsalle, hannu kawai zai miƙa ya danna risat. Na taɓa yi masa kuka da hawaye, na samu tanka a karon farko a rayuwata, ban yi taku goma da ita ba agogo ya yi ƙara. Ya dube ni ya ce, yaro tankar ba ta gudu, kawo dala biyar ka sake nemo ta.

Kuɗin kuwa kun san inda suke fitowa. A aike ka sayen kayan miya na dala arba'in ka sayo na talatin da biyar, ka ce yau tattasai ya yi tsada.

Lawali Zango:
Na san zauren. Warin ƙafa da na adafta mai zafi. Kuma ƴan kallo sun fi mai wasa iyawa, kowa na ihu, yi tsalle, shiga jakar, kai wawa ka bar nono. Wani har jikinsa yake karkatawa yana tayaka tsallen.

Abdu Ƙarami:
Shiga jakar! Na manta da wannan. Babbar jakar da ake samu a ɓoye a wani wuri sama, ka hau kanta ka danna ƙasa ka faɗa ɗakin da ke cike da kawuna. Wanda ya san inda jakunkunan suke shi ne malami a zauren. Akwai wani yaro ɗan Birni da ake biya masa kuɗin wasa don kawai a ga hanya.

Sanusi na Agadas:
Tambaya ta gaskiya, kuma kowa ya ji tsoron Allah. A cikinmu akwai wanda ya taɓa ƙare shi?

Lawali Zango:
Ni.

Mutari Garin Malam:
Ƙarya kake.

Lawali Zango:
Wallahi na kai wurin ƙanƙara.

Ibro (Yamai):
Wurin ƙanƙara ba ƙarshe ba ne Lawali. Duniya tara ce a wasan, ta ƙarshe sai an bar ƙasa an tafi sararin samaniya, can Farfesa yake.

Kuma ku lura, ba wuya ce ta hana mu ƙare shi ba. A cikin wasannin injin nan Felix yana cikin masu sauƙi. In abu ya taɓa ka kana tanka, mota kake komawa, daga mota ka koma hula, sai kana tsurarka ne taɓawa ɗaya take kashe ka. Kawuna 100 kuma rai guda ne. Ku gwada shi da Contra, inda harsashi ɗaya ya gama da kai. Matsalar ita ce ba a ajiye inda aka tsaya, babu batir a kaset ɗin, babu lambar sirri. Dole a zama ɗaya ka tashi daga farko har ƙarshe, kuma yakan ci wa mutum kusan awa guda. To a lissafin zauren su Abdu, awa guda dala talatin ke nan, sefa 150, ba tare da ka yi kuskure ba, kuma da sharaɗin yara goma sha da ke bayanka za su bar ka ka riƙe manet sau shida a jere. Wa zai bar ka?

A gida kuma abokan gaba uku ne da ba su cikin kaset: ɗaukewar wuta, adafta, da Baba.

Mutari Garin Malam:
Ka faɗi gaskiya. Adaftarmu in ta yi minti arba'in ba ka iya riƙe ta. Dabarar da muka yi, muka jawo waya har gindin randa, muka ɗora ta kan jiƙaƙƙen yashin da ke wurin, muka sa ƙanenmu yana mata fifita da mafici. Ladansa in an mutu a ba shi rai ɗaya. Yanzu in na tuna wutar da muka ajiye kusa da ruwa sai in ce Allah ne kawai ya tsare.

Ranar da na fi nisa kuwa ba zan manta ba. Bakansi ne, an yi hutun makaranta, ana zafin nan da ko ƙadangare ba ya fita. Na wuce wurin dalar Masar, na wuce ruwa, ina da rai bakwai, hannuna duk gumi ina gogewa a wando. Sai fanka ta fara rage gudu. Kun san yadda take yi kafin a ɗauke. Hoton ya tsuke ya koma ɗan farin ɗigo a tsakiyar tele, ya ɓace. Na zauna ina kallon fuskata a gilashin. Ƙanena bai daina fifita ba, sai da na ce masa ya isa.

Bashir Bakano:
Wutar ma ai tamu ce, ta Katsina take biyowa ta shigo muku ta Gazawa. Kaset namu, inji namu, wuta tamu. Ku me kuka kawo, fifita?

Abdu Ƙarami:
Mun kawo sefa, lokacin da kuke layi kuna roƙon a canza muku ita.

Nana Mariyama:
Ina ta karanta ku ina dariya. Duk kun manta da mu. Zauren nan mace ba ta isa ta leƙa ba, ko a ƙofa aka gan ki sai labari ya riga ki isa gida. A gida kuma manet na biyu ake miƙo miki a ce kina wasa, alhali wasan na mutum ɗaya ne. Na yi wata guda ina danna abin da ba ya motsa komai, yayana na cewa yawwa, kin iya. Allah ya isa ban yafe ba, ko da yake ya biya mini kuɗin lise daga baya, to mun yi rabi.

Ibro (Yamai):
Hajiya Nana wannan zaluncin duk duniya an yi shi, ba yayanki kaɗai ba.

Bari in ƙara wani abu kan maganar jabu, don Bashir ya ji daɗi. Kaset ɗin Nintendo iri biyu ne. Na Amurka da Turai babba ne mai haƙora 72, na Japan, wato Famicom da ya fito a 1983, ƙarami ne mai haƙora 60. Injinan da suka zo mana kwaikwayon na Japan ne, shi ya sa kaset ɗinmu ƙanana. To shi Felix ba a taɓa sayar da shi a Japan ba, a Amurka da Turai kawai ya fita. Ma'ana duk ƙaramin kaset ɗin Felix da hannun ɗan Damagaram ya taɓa riƙewa, babu na gaske ko ɗaya. Wasu ne suka kwafe shi suka zuba a ƙaramin gida suka liƙa hoton da ya zo hannunsu. Sojan Mutari daga nan ya samo asali. Su ne kuma masu rubuta wasa 9999 a kaset ɗaya, ka kunna ka tarar guda biyar ne ake ta maimaitawa da sabon suna.

Sanusi na Agadas:
Ni abin da har yau nake so a bayyana mini shi ne hura kaset. In hoto ya fito a wargaje, a zare, a hura, a goga a riga, a mayar, sai ya kama. Wane ilimi ne a ciki?

Ibro (Yamai):
Babu. Zarewa da mayarwar ce take gyara zaman haƙoran. Hurawar ma ɓarna take, danshin baki yana sa su tsatsa a hankali.

Sanusi na Agadas:
Ibro ka tsaya a inda Allah ya ajiye ka. Ka ba mu suna mun gode, ka ba mu tarihi mun gode, amma kada ka taɓa mana hura kaset. Ni na ga yana aiki da idona. Akwai ma salon hurawa, daga hagu zuwa dama, sau uku, ba a tofa yawu.

Lawali Zango:
Wani a unguwarmu har bismilla yake yi kafin ya hura, kuma nasa bai taɓa ƙin kamawa ba.

Malam Habu:
Salamu alaikum. An sa ni cikin wannan zaure don maganar gyaran makabarta, na buɗe na tarar da saƙo ya fi ɗari a kan mage. Mutari, Lawali, Abdu, duk na gane ku. Ashe nan kuke zuwa in an ce an aike ku, allunanku na jingine a bango tun safe. Da Alhamis da Juma'a ba su ishe ku ba sai kun haɗa da Asabar. Ban yi nadamar bulala ko ɗaya ba.

Abdu Ƙarami:
Allah ya gafarta Malam, tuba muke. Ƙuruciya ce.

Malam Habu:
Allah ya shirye mu baki ɗaya. Amma tunda an zo nan, wancan na harbin agwagi, wanda kare yake fitowa yana yi wa mutum dariya, shi ma yana nan? Na taɓa ƙwace inji a hannun wani almajiri, ya kwana biyu a wurina kafin uban ya zo karɓa. Ba zan ce komai ba bayan wannan.

Bashir Bakano:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Agwagwa nawa aka samu?

Malam Habu:
Kai Bakano ka kiyaye ni.

Ibro (Yamai):
Yana nan Malam, sai dai bindigar ba ta aiki da telen zamani mai faɗi, sai tsohuwa mai ƙeya.

Mutari, in kana son ka ƙare shi yau ma za ka iya. Akwai manhajojin da ke sa waya ta kwaikwayi injin, wasan duka ba shi da wani nauyi. Kana iya ajiye inda ka tsaya a kowane lokaci, in ka mutu ka koma. In kuma ta halal kake so, Konami da ta haɗiye Hudson a 2012 ta sake fitar da shi a 2024 a kan Switch da PlayStation.

Mutari Garin Malam:
Ɗana ya sa mini a waya jiya da dare, na gwada. Ban ji daɗinsa ba Ibro. Yatsa yana zamewa a gilashi, ba ka jin maɓalli a ƙarƙashinsa. Sannan wannan ajiyewar ita ta kashe abin. Na faɗa rami, yaron ya karɓa ya danna wani abu, sai ga ni a bakin ramin kamar ba a yi komai ba. Gabana bai faɗi ba ko sau ɗaya. Da can in ka zo tsalle mai wuya da rai ɗaya, kana jin bugun zuciyarka a kunne, don ka san in ka faɗa sai gobe, goben ma in an kawo wuta, in Baba bai zauna jiran labaran Télé Sahel ba. Na kashe a duniya ta uku. Yaron ya kalla minti biyu ya ce, Baba wai shi ke nan, ba a harbin kowa da gaske? Ya koma Free Fire ɗinsa.

Sanusi na Agadas:
Ni ban yarda wahalar ce daɗin ba. Talauci ne kawai muke yi wa kwalliya. Da an ba mu ajiyewar a 1999 da gudu za mu karɓa, har mu yi wa wanda ya kawo ta addu'a. Yaran yanzu kuma ba su fi mu lalacewa ba, mu ma an ce mun lalace, ga Malam nan shaida.

Mutari Garin Malam:
Da mun karɓa mana. Amma da yanzu ba na nan ina tambayar sunansa, da na ƙare shi a sati ɗaya na manta.

Hadiza (Maraɗi):
Nana ce ta turo mini wannan ta ce in zo in ga ƙanena yana abin kunya a bainar jama'a. Mutari, kai da ko gaisuwar Juma'a sai an yi maka tuni, ashe kana da lokacin rubuta wannan duka.

Abu biyu zan faɗa. Na farko, ni na ga sararin samaniyar da Ibro yake faɗi, da idona, a telen nan tamu. Duk Juma'a in kun bi Baba masallaci, daga nan ku wuce gaisuwa gidan Kaka a Birni, ba ku dawowa sai bayan la'asar. Inna na barcin rana. Nakan ɗauko injin daga saman kwaba, in haɗa wayar antan yadda na ga kana yi, in rage murya har ƙasa. Ba mai ihu a kaina, ba mai cewa ba ni in tsallake miki. Adafta kuma ba fifita take so ba, kashewa ake a bar ta ta huce kafin a fara, ku da kuke kunna ta tun safe kuna harbin agwagi dole ta yi zafi. Na hau ɗan jirgin nan mai kama da faranti, taurari na wucewa. Ban kai ga tsohon ba, sallamarku na ji a zaure na fizge waya.

Mutari Garin Malam:
Yaya Hadiza. Ke? Ke da kike cewa abin shirme ne, kike kai ƙararmu?

Hadiza (Maraɗi):
In ban kai ƙararku ba yaushe injin zai huta in samu?

Na biyu, ka bar ɗan mutane ya sarara. Lawali bai ɗauki kaset ɗinka ba. Shekarar da za ka yi sartifika, mushenku ya aiko wa Baba cewa kana barci a aji. Baba ya ce a fasa injin. Inna ta ce a'a, kayan ƙanenta ne, ba za a fasa ba. Da ta tambaye ni wanne ne ya fi ɗauke maka hankali, na nuna mata mai sojan. Ta naɗe shi a tsohon kallabi ta sa a adakarta ta ƙarfe, ƙarƙashin zannuwan aurenta, ta ce in ka ci jarrabawa a ba ka. Ka ci, aka shiga hidimar bikina, kowa ya manta. Ni kuma da na ga ka ɗora wa Lawali, na ga shiru ya fi mini sauƙi. Allah ya yafe mini.

Lawali Zango:
Jama'a kun gani. Kun gani ko? Shekara ashirin da biyar. Mutumin nan ya tare ni a bakin famfo ya yaga mini riga. Ya hana ni hawa kekensa har muka gama CEG. Ranar ɗaurin aurena ya rungume ni ya raɗa mini a kunne, ina kaset ɗina. Yaya Hadiza ke ma ba ki kyauta ba, amma ke babba ce, na bar ki da Allah. Shi kuwa a nan ya ɓata mini suna, a nan zai wanke ni.

Mutari Garin Malam:
Lawali ka yi wa Allah ka yafe mini. Na zalunce ka, na yarda a gaban kowa. Amma kai ma ka yarda wurin ƙanƙara ba ƙarshe ba ne.

Lawali Zango:
Wannan wata shari'a ce daban. Rigar dai jika ɗaya da rabi aka saye ta.

Abdu Ƙarami:
A bar maganar riga. Adakar tana nan?

Mutari Garin Malam:
Yanzu na dawo daga wurin Inna. Na kai mata goro da turare tukuna, don ba a tunkarar adakar nan hannu sake. Da na faɗi abin da ya kawo ni ta dube ni ta ce, da furfura a gemunka? Ta ciro makulli daga bakin zane duk da haka. Ƙamshin kafur ya tashi, muka ɗaga zannuwa ɗaya bayan ɗaya, ga takardar haihuwata da na nema na gaji har na sake yin wata, ga hoton Baba da kakin aiki. Can ƙasa a kusurwa ga kallabin.

Yana nan. Rawaya, gefe ɗaya ya ɗan tsage, sojan ya koɗe ya zama ruwan hoda. A baya ga sunana da na rubuta da bik, da kuskure a ciki. Haƙoran sun yi duhu kaɗan amma ba su ci ba. Injin ne babu, Inna ta ce tun tuni aka ba masu sayen tsohon ƙarfe.

Sanusi na Agadas:
Ka hura?

Mutari Garin Malam:
Kafin in san abin da nake yi na hura.

Ibro (Yamai):
Inna lillahi. Ka samo auduga da ɗan alkol na kyamis ka goge haƙoran a hankali, ka bar shi ya bushe. Kada ka kankare da reza, na san halinku.

Bashir Bakano:
Har yanzu ana samun irin injin a kasuwar Sabon Gari, sabo a kwalinsa. Akwai direban da ke tashi zuwa Damagaram ta Daura da Matamaye ranar Talata, zan ba shi ya kawo. Kyauta ce daga Kanawa, a rubuta a tarihi. Ku dai tabbata kun samo wuta.

Abdu Ƙarami:
Ina da sola da batir a shago, babu mai ɗauke mana komai. Akwai kuma tsohuwar tele mai ƙeya a ɗakin ajiya, in ta tashi har Malam zai samu agwaginsa.

Malam Habu:
Bayan isha'i, kuma ba da yara a wurin ba.

Lawali Zango:
Ni zan fara riƙe manet, a madadin riga.

Hadiza (Maraɗi):
Babu wanda zai fara komai. Ina zuwa suna ranar Asabar ta sama, ku ajiye shi sai na iso. Mutari, ka mayar da shi cikin kallabin ka ba Inna, ban yarda da kai ba. Kuma ka nemo mafici, kai za ka yi fifita.